Ciyawa da Bishiya Su Ne Rumbun Ruwa

Ya kai mai karatu, idan kana zaune a Agege, ka san mai ruwa da ke tura kura cike da jarkoki. Ka kuma san cewa idan rani ya tsananta, kuɗin jarka yakan ƙaru. Mutane da yawa suna ganin maganin wannan matsala shi ne a haƙa ƙarin rijiyoyin burtsatse. A ra'ayina, wannan bai isa ba, domin rijiya tana ɗebo abin da ƙasa ta ajiye ne kawai.

To, yaya ƙasa take ajiye ruwa? Idan aka yi ruwan sama a filin da ke da ciyawa da itatuwa, sukan rage gudun ruwan, sai ya nutse a hankali. Amma idan fili ya zama faƙo, ruwan yakan wuce da sauri, ya kwashe ƙasa mai albarka. Sauyin yanayi ya ƙara tsananta lamarin: wani lokaci a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani lokaci kuma a yi fari.

Manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun nuna mana mafita. Daga shekarar 1983, tare da wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, suka fara barin kututturan itatuwa su sake toho a gonakinsu. Sukan zaɓi rassa masu ƙarfi, su sare sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Daga cikinsu akwai gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya ba dabbobi abinci da rani.

Kana iya tambaya: ina ruwan mazaunin Legas da wannan? Ka tuna, matatar ruwa ta Iju, wadda aka buɗe a 1915, a yau tana ɗebo ruwa daga Kogin Ogun, shi kuwa kogin ya taso ne daga filayen ciyawa na arewacin Jihar Oyo. Shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba ma, yawancinsu daga arewa suke zuwa. Idan waɗannan filaye suka bushe, tulunka da tukunyarka za su gane.

Gaskiya ne manomi yana bukatar itacen girki, makiyayi kuma yana bukatar ciyawa. Sai dai dabarar Maraɗi ba ta hana su ba: rassan da aka sare sun zama makamashi, bishiya kuma tana nan da ranta.

Saboda haka, ya kamata duk hukumar da ta ware kuɗin haƙa rijiya ta ware na kare burtali, fadama da bakin kogi. Kai ma, kada ka ƙona daji, kada ka tumɓuke kututture mai toho. Hausawa sun ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.