Ra'ayinmu: Kafin A Ce "Mun Yafe"

A Chinade da ƙauyukan da ke kewaye da Azare, maganar haɗarin mota kan mutu tun ranar da abin ya faru. Mota ta bugi mai babur ranar kasuwa, an kwashe shi zuwa asibitin tarayya na Azare, ƙafa ta karye gida biyu. Kafin magariba shugabannin tasha sun iso tare da mai motar, dangi sun cika baranda, wani dattijo ya ce ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Direba ya miƙa abin da ya sawwaƙa na magani, an shafa fatiha, an je wajen 'yan sanda an ce an sasanta. Wata shida bayan haka mutumin yana dogara sanda, an sayar da awaki da buhunan gero, damina ta wuce ba a nome gonarsa ba, kuma ba shi da bakin tuhumar kowa, domin an riga an yafe a madadinsa yana kwance.

Ba mu raina sulhu ba. Masu kare shi suna da hujja mai ƙarfi. Direban nan sau da yawa ɗan gari ne, motar ma ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita kullum. Shari'a a kotu kan ci shekaru, lauya yana son kuɗi, zirga-zirga ma kuɗi ce. Mutanen da za su haɗu a masallaci gobe, su haɗu a wajen suna jibi, ba sa son gabar da za a bar wa 'ya'ya. Kuma yafiya aikin lada ce, babu musu.

Sai dai mafi yawan masu yafewar ba su san abin da suke yafewa ba. Tun daga dokar 1945 wajibi ne kowace motar da ke hawa titi a Najeriya ta kasance da inshorar da za ta biya wanda ta buge, kuma sabuwar dokar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Agustan 2025 ba ta ɗauke wannan wajibci ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar ƙaramar mota ta gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kai abin da ake biya kan dukiyar da aka lalata har naira miliyan 3. Wannan iyakar ta dukiya ce. Rauni da rai lissafinsu daban. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka ɗaura ɗamarar duba takardar a kan hanya. Direbobinmu suna biya, amma a wurinsu takardar wuce shinge ce kawai, ana ninke ta a ajiye a aljihun gaban mota sai an tsayar da su. Da wuya ka ji wanda ya tuna da ita ranar da aka yi ta dominta.

Hanyar neman haƙƙin ba ta da wuyar fahimta. Abin da take so shi ne shaida. Da farko a rubuta lambar mota da sunan kamfanin inshorarta, a ɗauki hoton wurin da waya, a san mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu. A tabbatar 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra sun rubuta rahoto. Mai mota ya sanar da kamfaninsa ba tare da ɓata lokaci ba. Sannan rahoton likita, wanda shi ne ginshiƙin maganar: wane rauni ne, zai warke ko nakasa ce ta har abada. Abin da ake nema ya haɗa da kuɗin jinya, da abin da mutum ya rasa na sana'arsa, da diyyar wahala da nakasa. In kamfani ya ƙi ko ya yi ta jan ƙafa, akwai ƙorafi gaban NAICOM, akwai kotu.

A nan ne al'adarmu ke cutar da mu. Kwana uku a asibiti sai dangi su ce a sallame shi, za a kai shi wajen mai ɗori. Mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta rahoto. Rasitan kyamis kuwa ana yar da su tare da ledar magani. Ranar da aka farga, babu ko takarda ɗaya da za a ɗora a kan tebur. Ga kuma wa'adi: ƙara tana da lokacin da in ya wuce ba a karɓarta, in motar hukuma ce ma akwai dokar da kan taƙaita shi zuwa wata uku.

Masu cewa karɓar diyya rashin tawakkali ne, su koma ga littafin da ake karantawa a zaurukan malaman Katagum. Risala ta Ibn Abi Zaid ta jera hukuncin kisan kuskure da na raunuka filla-filla: raƙuma 100 ko dinare 1,000 ga rai, rabin haka ga hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, raƙuma 10 ga yatsa, 5 ga haƙori. Ba a ɗora nauyin kisan kuskure a kan mutum ɗaya ba, danginsa ne ke haɗa hannu su biya, don kada a talauta shi, kada kuma jini ya tafi a banza. Diyya dukiyar magada ce, ana raba ta kamar gado. Baffan da ya miƙe a wajen zaman makoki ya ce "mun yafe" alhali ga matar mamaci ga marayu ƙanana, kyauta ya yi da abin da ba nasa ba. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisi a ƙasar nan tun 2016.

Laifin bai tsaya kan jama'a ba. Takardun inshora na jabu sun yi yawa, kuma galibi a hannun 'yan kamasho ake sayensu tare da sabunta takardun mota, mai motar bai ma san an cuce shi ba. Kamfanonin gaskiyar ma sun tare a manyan birane. Manomin Chinade mai karyayyar ƙafa ba zai iya sintirin Bauchi ko Kano ba. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a Azare ya kamata a same shi a Azare ranar biya.

Matsayinmu shi ne a ci gaba da sulhu, amma a daina yin sa a gefen gadon asibiti. Kada a rufe magana sai likita ya faɗi girman raunin, sai an duba ko inshorar motar ta gaskiya ce a rumbun bayanan kamfanonin inshora, sai an sanar da kamfanin. A rubuta yarjejeniyar, mai raunin da kansa ko magadan mamaci su amince da bakinsu. Muna kira ga hakimai da dagatai da limaman Juma'a na masarautar Katagum, da shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Azare, su ƙi zama shaida a kan duk sulhun da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. Bayan haka, wanda ya ga zai yafe, ya yafe, Allah ya ba shi lada.