"Miss": Kalma Ɗaya, Fuska Da Yawa

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau ga wata 'yar kalmar Turanci mai baƙaƙe huɗu wadda take yawan rikita mu, wato "miss".

Abin da kowa ya fara koya shi ne laƙabi ce ta budurwa. In an rubuta ta gaban suna, to, mai sunan ba ta yi aure ba. Matar aure kuwa "Mrs" ce. Dukansu biyu daga tsohuwar kalma guda suka fito, "mistress", wato uwargida. Akwai kuma "Ms", wadda ta bazu daga Amurka wajen 1972, ita ba ta nuna ko da aure ko babu. Bazawarar da ba ta ga dalilin gaya wa akawun banki halin da take ciki ba, sai ta zaɓe ta a fom. A Ingila ma yara kan kira malamarsu "Miss" ko da 'ya'yanta biyar.

Amma da zarar kalmar ta shiga cikin magana sai ta sake kama. Wadda ta isa tasha ta tarar mota ta tashi, ta yi "miss" ɗin motar. Haka ɗalibar da ta yi fashin darasi. In kuwa ƙanwarki ta rubuto daga makarantar kwana ta ce "I miss you", kewarki take yi, sai ki shirya mata ƙuli-ƙuli.

Inda na fi so ku kula shi ne asibiti. Likita ko nas kan tambaya, "Have you missed your period?" Ba zancen darasi suke yi ba, tambaya ce ko kin yi ɓatan wata. Mata da yawa, don kunya ko don kada a ce ba su jin Turanci, sai su kaɗa kai kawai. Wannan ganganci ne. Akwai magunguna, irin su kafson tetarasakilin, da ba a ba mai ciki don suna ɓata haƙoran jariri, kuma ba a so a ɗauki hoton ƙashin mace ba tare da an san tana da juna biyu ba.

Saboda haka in ba ki gane ba, ki ce a maimaita miki da Hausa. Ranar da al'ada ta zo kuma, ki sa mata alama a kalanda, ki tafi da kwanan watan a rubuce.