A fara feɗe waƙa da wadda ke kunnen yaro

Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shiga babban Masallacin Koudoukou da ke unguwar PK5 a Bangui, lokacin da unguwar take kusan ita ce mafakar da ta rage wa Musulmin birnin tun rikicin Disamba 2013. Jariran da aka goya a waɗancan shekaru su ne yanzu ke azuzuwan farko na kwaleji, kuma da yawansu 'ya'yan Hausawa ne 'yan kasuwa. A ganina, cikin abubuwan da manyan wannan masallaci ya kamata su ɗauka da gaske akwai koya wa yaran nan nazarin waƙa, kuma a fara da Hausa.

Yaron PK5 yana shiga aji da harsuna a bakinsa: Hausa a gida, Sango a titi da kasuwa, Larabci a kan allo, Faransanci a makarantar boko. Tsarin karatun da aka gada daga Faransa ya saba haɗa yaro da waƙa ta hanyar hadda. Ya miƙe, ya harɗe hannuwa, ya zubo baitoci, a ba shi maki, ya zauna. Da ya kai kwaleji sai a ce ya yi sharhi, ya faɗi abin da marubuci ke nufi da dabarar da ya bi. Nan ake ɗora masa kaya biyu a tare, baƙon harshe da baƙuwar sana'a, shi kuwa sai ya koma kwafar bayanin malami.

Alhali kuwa wannan yaro ba baƙon waƙa ba ne. Duk inda Hausawa suka kafa zango, Ishiriniya da Burda suna biye da su, haka Infirajin Aliyu Namangi na Zariya. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan ya san kari a ƙafarsa kafin ya san sunansa, kuma idan mai rerawa ya karya amsa-amo shi ne zai fara ɗaga kai. Abin da ya rage a ba shi sunayen abin da ya riga ya sani: baiti, ɗango, jigo, salo, zubi da tsari. Kayan aikin ma a shirye suke, domin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya daɗe da shimfiɗa hanyar da ya kira gadon feɗe waƙa. Malami zai iya ɗaukar baiti ɗaya tak, ya rubuta a allo, ya tambayi yara wa ke magana, da wa yake yi, me ya sa ya ajiye wannan kalma a ƙarshen ɗango. Yaron da ya iya amsa waɗannan da harshen uwarsa, ranar da aka ajiye masa waƙar Pierre Makombo Bamboté da Faransanci ƙamus kawai zai nema.

Za a ce Hausa ba ta cikin jarrabawa, kuma a ƙasar da aka sha kiran Musulmi baƙi, jingina yara ga Hausa ƙara ware su ne. Wannan magana tana da nauyi. To amma ba a ce a tsaya a Hausa ba. Darasin maraice ne a makarantun Islamiyya na kewayen masallaci, wanda zai tashi daga baitin Hausa ya ratsa waƙoƙi da tatsuniyoyin Sango ya isa ga littattafan ƙasa. Cikinsu akwai na Étienne Goyémidé na 1985, Le Dernier Survivant de la caravane, wanda ya yi magana kan farautar bayi da mahara Musulmi suka yi. Littafi ne mai zafi ga yaro Musulmi. Wanda bai koyi nazari ba zai ji kamar shi ake zagi, ya rufe shi. Wanda ya koya zai iya bambance muryar mai ba da labari da ta marubuci, ya kuma fahimci irin tabon da maƙwabcinsa ya gada. Irin wannan kunne ne ake bukata a birnin da jita-jita ta sha tayar da unguwa guda cikin dare.

Wasu malamai kuma za su ji nauyin a feɗe yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar wani darasin boko. Ai malaman zaure sun riga kowa, su ne ke karanta ƙasida baiti-baiti suna warware lugga da balaga, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin ladabi. Nana Asma'u ta aika malamai mata na 'yan taru ƙauyuka da waƙoƙi don mata su fahimci abin da ke ciki. Batun kuɗi kuwa, darasin da bai wuce allo da alli da malami mai haƙuri ba, 'yan kasuwar PK5 za su iya ɗaukar nauyinsa da abin da ake tarawa ranar Juma'a.