Lauje Ma Makami Ne a Gaban Alƙali

Duk wanda ya san ƙasar Babura da Kazaure ya san cewa da kaka, lokacin da gero ke kwance a gona, shanu kuma na neman harawa, ba wuya gardama ta zama sara. Abin da aka fi ji bayan an zubar da jini shi ne, "Ai ba makami ya ɗauko ba, laujen aikinsa ne." A ganina wannan magana ba hujja ba ce.

Dokar laifuffuka ta Arewa, watau Fenal Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ba ta damu da sunan abin da aka riƙa ba. Sashe na 248 ya haɗa abin harbi da na suka da na yanka, da wuta, da abu mai zafi, da guba, da ruwa mai cin fata, har da dabbar da aka cuna wa mutum. Ashe ke nan tafasasshen ruwan da aka watsa wa kishiya da addar ɗan fashi gida ɗaya suka kwana. Dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, in kuwa raunin mai tsanani ne, shekara 14 da tara. Cikin abin da ta kira mai tsanani akwai karaya, da makanta, da ɓata fuska, da ciwon da ya hana mutum sana'arsa kwana 20. Mai karatu ya auna kwana 20 ga manomi a tsakiyar girbi.

Shari'ar Musulunci, wadda Jigawa ta faɗaɗa zuwa laifuffuka a 2000, ta ba wanda aka raunata zaɓi: kisasi, ko diyya, ko yafewa. To, a nan gizo ke saƙar. Sau da yawa tun kafin maganar ta isa gaban alƙali, dangi sun taru a zauren dagaci, an biya kuɗin magani, an ce a bar wa Allah. Ba na ƙin sulhu, domin gobe ma rijiya ɗaya za a sha. Amma fa yafewar da aka karɓa daga mutumin da ke kwance, dattawa sun kewaye shi, mai saran kuma ɗan wani ne, kunya ce ta yi magana, ba shi ba. A bari alƙali ya fara tabbatar da laifin, likita ya rubuta girman raunin, mai hannun ya san haƙƙinsa, sa'an nan a tambaye shi ko ya yafe.