Martani: Ɗan kasuwa ba jakin kaya ba ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka kira 'yan kasuwarmu almubazzarai don suna ƙara kwana biyu su buɗe ido idan sun je saro kaya ƙasar Sin. Da gani ba ka taɓa ɗaukar jaka ka bi su ba.

Baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou tun 1957 yana ci sau biyu a shekara, yana farawa a Afrilu da Oktoba. Kashi uku ake raba shi, da 'yan kwanaki a tsakani. Mutumin Kantin Kwari da ya riga ya biya kuɗin jirgi da biza, me kake so ya yi a kwanakin nan? Ya kulle kansa a otal? In ya je ya yi salla a masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Sin, ina ɓarnar take?

Yawon ma kasuwanci ne. A gefen titi yake ganin samfurin da bai iso Kano ba. A wurin cin abinci ake ƙulla amanar da ke sa mai masana'anta ya ba shi kaya bashi.

Fataken da suka je Salaga neman goro, har aure suka yi a can. Tafiya mabuɗin ilimi ce, Malam. Ka janye kalmar nan.