Fedar da ke ƙulle ƙafa ba ta san rairayin Gulbi ba

Makon jiya ɗan wana ya dawo Sarkin Yamma da keken tsere na gwanjo da ya sayo a Maradi, amma ya rasa yadda zai taka shi. Fedar ƴar mitsitsiya ce, ba ta kai tafin hannun yaro ba. An yi ta ne don wani takalmi na musamman mai maƙali a ƙasa, wanda ke shigewa ya ƙulle, ba ya sakin ƙafa sai ka murɗa diddige waje. Wai tunkiyarsa zai sayar a aiko masa da takalmin. Na ce, ɗana, ƙyale tunkiyar nan, canja feda.

Ba raina abin nake ba. Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da irinta a 1984, kuma da ita Bernard Hinault ya lashe tseren Tour de France a 1985. Ga mai tsere kan kwalta tana da rana: ƙafa ba ta zamewa ko an sheƙa ruwa, in ya miƙe tsaye zai fizga da gudu ƙarfinsa duk yana shiga kaca.

To mu ina kwaltar? Duk wanda ya taɓa ratsa Gulbin Maradi da keke ya san rairayi ba ya sallama. Kana cikin tafiya tayar gaba ta nutse, abin da zai cece ka shi ne saurin dire ƙafa. In tana ƙulle, kai da keken da buhun da ke kan kariya tare za ku kwanta. Ga amalanken shanu, ga awaki, ga ƴan kabu-kabu. Sannan yashi na cika bakin maƙalin, ya ƙi kamawa, ko ya kama ya ƙi saki. In ya lalace, wane mai faci ne a nan ke da kayansa?

Akwai kuma abin da masu talla ba sa tunawa: a garin nan keke ɗaya na gida guda ne. Da safe yaro ya tafi lakwal da shi, da hantsi uba ya nufi gona, da yamma a aiki wani niƙa. Feda mai faɗi ba ruwanta da lambar ƙafar kowa, silifas ma ta karɓa. In za a yi sallah a hanya kuwa, zare ƙafa kawai za ka yi.

Jiya dai mai gyara ya ɗaura masa mai faɗi. Waccan ya ƙulle ta a leda ya ajiye ƙarƙashin gado, wai sai ranar da zai je tseren Tour du Faso. Tunkiyar tana nan, ga alama ma ciki gare ta.