Gyaran Littafi Ba Ya Wadatarwa Sai Da Gyaran Allo

Masu iya magana kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da yaro ya gani a littafinsa na farko shi yake ɗauka a matsayin yadda duniya take. Idan kowane shafi ya nuna Audu a makaranta, Binta kuwa a gindin turmi, to an riga an gaya wa yarinya iyakarta tun ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba.

Gwamnati ta yi yunƙurin magance wannan. A shekarar 2004 aka kafa dokar ilimin bai-ɗaya, wadda ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro, mace da namiji. A shekarar ce kuma aka soma Shirin Ilimin 'Ya'ya Mata tare da UNICEF, Jihar Katsina na cikin jihohin farko. A 2006 aka fitar da manufar ƙasa kan jinsi. Hukumar NERDC kuwa ita ke tsara manhaja tare da tantance littattafai.

Wasu iyaye na ganin wannan gyara baƙuwar al'ada ce. Sai dai a dubi Gozaki da karkarar Malumfashi da Funtuwa. Mata ne ke sarrafa gyaɗa su fitar da mai da ƙuliƙuli, su yi kiwon awaki, su yi adashi, da yawa kuma da kuɗin nan ake sayen littafin yaro. Littafin da ya ɓoye wannan bai faɗi gaskiyar ƙasar Hausa ba. Haka nan tarihi ya nuna Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana aika jajoji ƙauyuka su karantar da mata. Saboda haka mace mai ilimi gadonmu ce. Aikin gida ma abin girmamawa ne, kuskuren shi ne a nuna shi kaɗai.

Amma akwai wurin da hannun hukuma ba ya kaiwa, wato allon aji. Hausa harshe ne mai rarrabe jinsi, don haka da malami ya rubuta "ya" ko "ta" ya riga ya zaɓi wanda zai ba aikin. Idan kullum likita "ya zo", mai shara kuma "ta gama", darasin nahawu ya koyar da abin da ba ya cikin manhaja, ko da an sake littafin sau goma.

Don haka, ya kai ɗalibi mai shirin zama malami, da ke ɗaliba, ku riƙa ƙidaya misalanku kafin ku shiga aji. Ku sa manomiya kusa da manomi, malama kusa da malami. Ku raba shara da shugabancin aji bisa adalci. Yarinyar Gozaki da ta ga irinta a allo ta fi kusa da zama ungozomar da asibitin garinsu yake nema.